Fita da Ƙananan Yara a Zariya: Yadda Ake Shirya Ta

A mafi yawan gidajen Zabi da Samaru da Sabon Gari, Asabar da Lahadi sun fi Litinin cika. Da safe yara na Islamiyya ko hadda, uwa na fama da wankin mako guda da kitso da cefane, uba kuwa in bai tafi shago ko gona ba, to akwai ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa suna jiransa. Maƙwabtanmu Kirista su ma safiyar Lahadinsu a coci take ƙarewa, su dawo da rana a gajiye. Haka mako ke bin mako, har yaro ya kai shekara shida a garin da mutane ke tasowa daga Legas da Maiduguri su zo karatu, amma shi bai san komai a cikinsa ba sai lungunsu da hanyar makaranta da wayar uwarsa.

Abin yana damuna, domin ba rashin ƙauna ke jawo shi ba, ba kuma talauci kaɗai ba. Mun ɗauki fita da yara wata babbar hidima, wadda sai an ɗinka sababbin kaya, an zuba wa mota mai, an tanadi kuɗin shiga wurin wasa. Da yake waɗannan ba sa haɗuwa sai da Sallah, sai fitar ma ta koma sau biyu a shekara. Alhali ɗan shekara huɗu ba ruwansa da nawa aka kashe. Fili yake so ya yi gudu, da wani sabon abu da zai ɗaga kai ya kalla, da babban da zai amsa masa tambaya ba tare da ya daka masa tsawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a yini, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. Duk wanda ke zaune a ciki da falo na haya a Muciya ko Hayin Dogo, tsakar gida cike da igiyar shanya da babura, ya san a gidansa lissafin nan a juye yake.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta guda ce: da ƙafar ƙaramin cikinsu ake auna fitar. In a cikin tawagar akwai ɗan shekara biyu, to nisan wurin, da daɗewar da za a yi, da abin da za a ci, duk shi za a duba, ba yayansa ɗan shekara tara ba, ba kuma burin uban ba. Yawancin fitar da ke ƙarewa da kuka da duka, in ka bincika, babba ne ya tsara ta daidai ƙarfinsa. Wuri ɗaya, awa biyu, ya isa. Wanda ya ce a yini ɗaya zai zaga da yara jami'a da fada da kasuwa, a ƙarshe kuma a biya gidan Gwaggo a Tudun Wada, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Fara da neman lokacin. Zauna da takardar Islamiyyar yara a hannu. Makarantun allo da Islamiyyu da yawa Alhamis da Juma'a suke hutu, Asabar da Lahadi kuwa ranakun karatu ne, wasu da safe, wasu da yamma. Ba na goyon bayan a ɗauke yaro daga karatu don yawo, kuma ba a ma buƙatar hakan. In karatunsu na safe ne, fitarku bayan la'asar ce, a dawo kafin kiran magariba. In na yamma ne, a fita tun ƙarfe takwas, a dawo kafin sha ɗaya. A Disambar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta fito da tsarin aikin kwana huɗu a mako, don haka gidan da tsarin ya shafa yana da safiyar Juma'a, kafin a shiga shirin masallaci. Ma'aikatan jami'a da sauran na tarayya da 'yan kasuwa sai su nemi nasu sararin a Asabar.

In an samu lokacin, a tsayar da shi tsakanin miji da mata: Asabar ta farkon wata, ko ta farko da ta uku. Katin biki zai zo, babu makawa. Ɗaurin aure dai da hantsi ko da azahar ake yinsa, ba ya hana fitar la'asar. Uwargida tana da haƙƙin ta tuna wa maigida: "Malam, Asabar ɗin nan fa ta yara ce." Su kuwa yaran kada a gaya musu sai daren jajibiri, bayan an tabbata kuɗin mota na hannu kuma kowa lafiyarsa ƙalau. Yaro ba ya manta alkawari, kuma uban da ya saɓa sau biyu, na ukun ba za a yarda da shi ba.

Yanayi ma yana da ta cewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, safiyar Samaru akwai sanyi da ƙura, don haka yamma ta fi, da rigar sanyi da hula da basilin a leɓe da ƙafa. Yaro mai asma, ranar da hazo ya rufe gari, ya zauna a gida. Maris da Afrilu zafi ne mai kayar da babba ma, sai dai sassafe ko bayan ƙarfe biyar. Damina ta fi kowane lokaci kyau ga ido, amma hadarin Agusta ba ya sallama, sai a zaɓi wurin da ke da rumfar fakewa. Ni dai kaka na fi so, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauka ba, ga sabuwar gyaɗa ga rake.

To ina za a je? Mutumin Zabi ko Dogarawa, da ya fito Kwangila hanya ta rabu masa: ko ya nufi Samaru, ko ya gangara PZ da Sabon Gari har ya dangana da birni.

Ta ɓangaren Samaru, babu kamar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Abin da ƙaramin yaro ke nema yana nan a yalwace: manyan itatuwa masu inuwa, filaye, da tituna marasa tireloli. Ranar Asabar hayaniyar ɗalibai ta ragu. A riƙe katin shaida, a yi wa masu gadi bayani a ƙofa cikin ladabi, a bi abin da suka ce, domin makaranta ce ba wurin shaƙatawa ba. A shimfiɗa tabarma nesa da azuzuwa da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, a bar yara su yi tsere, su tsinci ganye da 'ya'yan itace, su ƙirga hawan dogon ginin majalisar jami'a. Kusa da sashen zane-zane akwai lambun sassaƙe-sassaƙen da ɗalibai suka ƙera shekara da shekaru. Yara na sonsa ƙwarai, amma akwai gidajen da ba sa son kai 'ya'yansu wurin mutum-mutumi, wannan kuwa shawarar maigida ce da uwargida tun kafin a fito, ba a tsaya ana musu a gaban yara ba. Lambun tsirrai na jami'ar sai an nemi izini. Fa'ida ɗaya da ba a cika lura da ita ba: yarinyar da ta taka harabar nan tana shekara biyar, ta ga mata da hijabi rungume da littattafai, ba sai an yi mata dogon wa'azi kan boko ba. Gani ya kori ji.

Game da dam ɗin jami'a da ke kan rafin Kubanni kuwa, magana ɗaya ce: a kalla daga nesa, hannun yaro cikin hannunka. Kada a bari ya shiga, ko da iya idon sawu ne. Ƙaramin yaro yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma ba ya ihu, shiru abin ke faruwa. Ban da haka, ruwan da ke kwance a ƙasarmu yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, ciwon da ke sa yaro fitsarin jini bayan makonni, lokacin da an ma manta an je bakin ruwa. Haka hukuncin yake ga kududdufan unguwa da bakin kogin Galma.

A kan hanyar Samaru ɗin dai, wajen Palladan, akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964. Ba wurin shiga ba ne haka kawai, kuma ba a ɗaukar hoto a jikin shingenta. Amma in an yi sa'a ƙananan jiragen koyo na shawagi, tsayuwar minti ashirin a gefen da ba mota ta ishi yaro labarin mako guda. A nan ne za ka ji, "Abba, me ya riƙe shi a sama?" Kada ka ce masa ya cika surutu. Ka sa ya miƙa hannu ya ji yadda iska ke turawa, ka gaya masa fukafukan ne iska ke ɗagawa in jirgin ya yi gudu sosai. Abin da ya fi ƙarfinka, ka ce ku tambayi Kawu in an koma gida, kuma ku tambaya ɗin.

A Sabon Gari akwai tashar jirgin ƙasa. Unguwar ma albarkacin layin dogo ta kafu, wanda ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Ko babu jirgi, tsofaffin taragu da gine-ginen tashar abin nunawa ne, bayan an gaisa da ma'aikatan wurin an nemi izini. Kasuwar Sabon Gari kuwa ban ba da shawarar a haɗa ta da fitar yara ba. Uwar da ke ciniki ba za ta iya kallon mai tumatir da ɗanta a lokaci guda ba.

Birni ya fi dacewa da 'yan shekara biyar zuwa sama, masu iya riƙe labari. A shiga ta Ƙofar Doka, a nuna musu ragowar ganuwa, a lissafa musu sauran ƙofofi kamar Kuyambana da Gayan da Kona, a ba su labarin Sarauniya Amina. A tsaya a ƙofar fadar Sarkin Zazzau su ga zanen da aka ƙawata ta da shi da jajayen rigunan dogarai, a koya musu cire takalmi da durƙusawa inda ya kamata. Ga Masallacin Juma'a nan kusa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19, tsohon ginin yana nan a cikin sabon da aka lulluɓe shi da shi. Ranar hawan Sallah kuwa daban ce. Dawaki, turmutsutsu da ƙarar bindigogi ba na ɗan goye ba ne, sai in akwai ɗan'uwa mai bene a kan hanyar hawan. Dutsen Kufena da ke wajen Wusasa a bar shi sai yara sun tasa, a je da rani cikin jama'a, don da damina santsi gare shi.

Kada kuma a raina gonar dangi a Bomo ko Basawa ko Shika. Yaron da ya tuge gyaɗa da hannunsa ya ga 'ya'yan suna reto a saiwa, ya koyi abin da littafin aji ɗaya ba zai koya masa ba. Sai dai halin tsaro da ake ciki ya sa dole a fara kiran mutanen wurin a ji lafiyar hanya, a kuma dawo da sauran rana.

Jaka tun dare ake haɗa ta. Ruwan sha daga gida, mai yawa. Canjin kaya ɗaya ga duk wanda bai kai shekara biyar ba, famfas, leda biyu ko uku ta ƙazanta da shara, guntun sabulu, buta, tabarma, da ƙullin ORS ɗaya ko biyu, wanda ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta in gudawa ta kama yaro. Abinci ya zama wanda ba ya lalacewa kuma ba ya buƙatar cokali: dafaffen ƙwai, ƙosai, awara, dankali, lemo ɓararre, dabino da aka cire wa ƙwallo. Zoɓo ya fi kunun aya jure hanya, kunun aya in ya sha zafi nan da nan yake tsami. Gyaɗa ɗaiɗaya da alewa mai tauri kada a ba wanda bai kai shekara huɗu ba, musamman cikin abin hawa mai girgiza, don suna sarƙewa a maƙogwaro. Kuma a ciyar da kowa kafin a fito, a sa kowa ya zaga bayi, ko ya ce ba ya ji.

Kuɗi kashi uku ne: na zuwa, na dawowa, na lashe-lashe. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ne ke cinye yawancin kasafin, wanda shi ma dalili ne na zaɓen wuri kusa. Na dawowa a ware shi a aljihu daban, tsaba kuma canji, kada magariba ta same ku a bakin titi kuna jiran kuɗi ya shiga wayar mai keke. Na lashe-lashe a yi yarjejeniya tun a gida: kowa abu ɗaya zai zaɓa. Yaron da ya san haka tun farko, ko ya yi rigima a gaban mai askirim ba ta daɗewa.

Abin hawa shi ne inda haɗarin ya fi yawa, don haka bari in daɗe a nan. Keke Napep ya fi babur, ko da ya ɗara kuɗi. A sa yara a tsakiya, manya a gefe biyu, kada ƙarami ya zauna bakin ƙofa ko kusa da direba. In da hali a ɗauki shata, ya fi a yi ta sauka ana hawa a Kwangila, inda tireloli da motocin Kano da Kaduna ke haɗuwa. In dole sai an tsallaka titi, ƙarami a ɗauke shi cak, na biye a riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba, don yatsu suna zamewa in ya fizge. In mota ce ta gida, yara a baya, a kulle ƙofofi, kada uwa ta rungume jariri a kujerar gaba, kuma kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da na shiga shago ne a fito.

Babur kuwa, na san shi ne abin hawan gidaje da yawa, kuma na san yadda ake jera yara uku har da na kan tanki. Yaro ɗaya da babba mai riƙe shi a baya, iyakar abin da zan iya yarda da shi ke nan, a tafi a hankali ta hanyoyin cikin unguwa. A kuma kula da salansar babur ɗin. Tana gefen dama, daidai inda ƙafar yaro ke lilo, kuma bayan tafiyar minti goma ta yi zafin da taɓawa ɗaya ta isa ta ɗaye fata. Duba ƙwaurin yaran unguwarku, za ka ga masu tabo mai sheƙi kamar an ɗora musu bayan cokali mai zafi. A hau da yaro ta hagu, a sauke shi ta hagu, a sa masa dogon wando da takalmi rufaffe. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har kusan minti ashirin, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Ban da man goge baki, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai.

Kafin a bar gida a yi wa kowane yaro tambaya uku har ya iya amsawa: sunansa, sunan mahaifinsa, sunan unguwarsu. A rubuta lambar waya a takarda a saka masa a aljihu, ko a maƙala da fil a cikin riga. A koya masa in bai ga kowa ba ya tsaya inda yake, ya nemi mace mai goyo ko mai gadi, kada ya bi wanda ya ce zo in kai ka. Ba tsoratarwa ba ce. A 2019 'yan sandan Kano sun ceto yara tara da aka sace aka kai su har Anaca. A wurin fitar a raba aiki da baki: wane yana hannunka, wance tana hannuna. Yawancin ɓatan yaro yana faruwa ne lokacin da kowane babba ya ɗauka yana wurin ɗayan. In ya faru, nan take a sanar da masu gadi da masallaci mafi kusa a yi cigiya, a kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda ba tare da jiran gari ya waye ba.

Akwai maganar adalci, wadda ta fi jaka da kuɗin mota nauyi. A gidan da ke da mata biyu ko fiye, ko a kwashi yaran duka, ko a yi kwana-kwana a fili kowa ya san ranarsa. Yaron da ya tsaya a zaure yana kallon 'yan ɗakin kishiyar uwarsa suna hawa keke da sababbin takalma, zai girma da abin a ransa. Ɗan riƙo da maraya da yarinyar da ke taya aiki su ma yara ne, a tafi da su, kuma ba don su riƙe jaka ba. Haka babbar 'ya: in an ɗaura mata goyon ƙaninta tun daga gida har a dawo, ita ba ta fita ba, wurin aiki kawai aka canza mata. Wani lokaci kuma maigida ya kwashe su shi kaɗai, ya bar uwarsu ta yi barcin awa biyu babu mai kiran Umma. Uban da ya taɓa yin haka yakan dawo da sabon ganin girman aikin da ake yi masa a gida. Amma kada wannan ya zama hujjar barinta kullum, ita ma tana buƙatar shan iska.

In an isa, waya ta koma aljihu. Hoto biyu ko uku sun isa, kuma ba sai an ɗora fuskokin yara da inda suke a Facebook ba. Ka zauna a tabarma, ka bar su su ɓata kaya, don shi ya sa aka zo da canji. Ka riƙa duban ƙaramin: in ya fara murza ido, yana neman a ɗauke shi, yana kuka kan abin da bai kai ba, lokacin tashi ya yi, ko da rabin awa kawai aka yi. Manyan a ba su sanarwa, "Saura zagaye biyu mu tafi," don yaro ya fi karɓar tashi in ya ga zuwansa. A tsince shara a ledar da aka zo da ita, su ma su taya.

Abincin dare a dafa shi kafin a fita, ko a bar miya a shirye, don uwar da ta dawo a gajiye ta tarar da tukunya wayam ba za ta yi marmarin fita ta gaba ba. Da an shigo a wanke hannu da ƙafa da sabulu, in gona aka je a duba ƙafa da bayan kunne da hammata saboda ƙaya da kaska, a yi salla, a ci abinci, a sa su cikin gidan sauro da wuri. In akwai zaɓi, Asabar ta fi Lahadi, domin yammacin Lahadi na gugar kayan makaranta ne da aikin gida da malamai suka bayar, kuma yaron da ya kwana da gajiya da ƙyar ake tashinsa ranar Litinin.